Ajin fiyano na masu son riƙe kwayar makaranta (ƙungiyar yara mawaƙa) a Jos, yadda na gan shi

Masu tambaya ko ajin nan na ranar Asabar ya ci kuɗinsa, amsata eh, amma fa sai ka san abin da ka je nema. In burinka ka zauna jarrabawar MUSON ko ABRSM, hukumomin da ke shirya jarrabawar kiɗa, har ka kai gired 8 to kada ma ka ɓata kuɗin mota, ba wannan ake yi a wurin ba. Malamar tun farko take gaya maka fiyano a hannun malamin kwaya kayan aiki ne, yara ne za su yi waƙar, kai naka ka ba su murya ka riƙe su kada su zame.

Abin da ya fi burge ni, a tsaye ake darasi. Tana hana mutum kallon yatsunsa, idonka na kan sauran ɗalibai da ke zaune a matsayin yara, hannun hagu na riƙe kod, wato sautukan da ake dannawa tare lokaci guda, na dama wani lokaci ya bar kibod ɗin gaba ɗaya ya ba su alamar shiga, in duka biyun na aiki to da kai ko da gira za ka ba da alamar. Da farko abin dariya ne gaskiya, amma duk wanda ya taɓa tsayawa gaban 'yan firamare a asembili ya san kana sunkuyar da kai na minti ɗaya shi ke nan sun watse.

Kod uku ake fara haƙa, do da fa da so, a ki C da F da G (ki shi ne matakin sautin da ake ɗora waƙa a kai), kuma ba a matsawa gaba sai ka iya canza su ido a rufe. Da su kaɗai za ka raka yawancin waƙoƙin asembili. Daga nan sai motsa murya, ana hawa rabin mataki rabin mataki, wanda shi ke tilasta maka ka saba da baƙaƙen maɓallan nan da kowa ke gudu. Maɓallin turanspos kuwa, wanda ke ɗaga ko sauke maka ki da kansa a kibod, haramun ne a ajin, hujjarta ita ce ranar da aka kai ka gasa aka ajiye maka fiyano na katako mai maɓalli 88 babu abin da za ka danna, ga shi samarin JSS muryarsu na cikin fashewa, ki ɗin da ya yi musu wancan zangon yanzu ya fi ƙarfinsu, dole ka sauke waƙar da hannunka nan take.

Wurin da na fi ƙaruwa shi ne fitar da muryoyi huɗu na kwaya, daga mafi siriri zuwa mafi kauri: sofurano, alto, tena da bes. Ka buga alto kana rera sofurano, ka haɗa tena da bes alhali kowanne na kan layinsa daban a takarda. Akwai wuya sosai. Ta sa mun yi haka da taken ƙasa da aka dawo da shi a 2024, tunda makarantu da yawa har yanzu kowa da yadda yake jan sa.

Inda masu ajin suka gaza kuma, kibod ɗin ba su isa ba, mutum uku kan guda ɗaya mai maɓalli 61, in aka ɗauke wuta sai wanda ke da batir a ciki ya rage. Sannan yawancinmu da solfa, wato do-re-mi, muka taso a coci, malamar kuma tana saurin tsallakawa zuwa karatun layi biyar, wato rubutun kiɗa na alamomi a kan layuka, kamar kowa ya iya, wasu a nan suka daina zuwa. Ya kamata su ware wa wannan lokacinsa daban. Waƙoƙin Hausa da na yarukanmu na Filato ma kaɗan ne a darasin, alhali su ne yaranmu suka fi sakin murya a kai.

Ɗaliban NCE masu shirin tafiya tichin faraktis, ku ya fi dacewa da shi. Ku dai tanadi kibod ɗin da za ku riƙa gwaji a gida ko da na aro ne, don a ajin ba za ka samu hannu ya ishe ka ba, kuma ka je da hedifon ɗinka.