Gargaɗi: ana niƙa ƙwayoyin kyamis cikin gumbar ƙiba, ana sayarwa da sunan kayan Sakkwato

Mata 'yan uwana, musamman iyayen amare, a yi hattara da masu tallar "gumbar ƙiba ta kwana bakwai" da "cikakken gyaran amarya" a WhatsApp da TikTok da Facebook, masu rantsuwa cewa kayansu na gado ne daga Sakkwato, babu haɗin Bature a ciki. Akwai cikinsu waɗanda ƙwayoyi suke saye kwali-kwali a kyamis, su niƙa, su cuɗa da garin gero da zuma, su ɗura a roba marar suna. Sha-ka-fashe ne dai da muka sani, aka ɓoye shi cikin abinci don kada mai ci ta yi zargi.

Duk wadda ta tashi a garin nan namu na Sakkwato ta san gumbar gaskiya. Gero ne, da aya, da dabino, da riɗi, da gyaɗa, da kwakwa, a sa kanumfari da citta, a daka da mazarƙwaila ko zuma. Abinci ne mai gina jiki, kuma aikinsa a hankali yake yi, shi ya sa iyayenmu ke fara gyaran yarinya tun da sauran watanni. Babu geron da zai cika wa mace kumatu cikin mako guda. In kin ga haka, ba geron ba ne.

Ƙwayar da aka fi amfani da ita ita ce deksametason, wadda masu kyamis ke ce wa deksa. Magani ne na gaske, mai ƙarfi, likitoci na ba da shi ga mai asma ko kumburi mai tsanani, kuma a 2020 masu bincike a Jami'ar Oxford ta Ingila sun tabbatar yana rage mutuwar waɗanda korona ta kwantar. Amma da awo ake ba da shi, da ƙa'idar kwanaki. Idan aka daɗe ana sha, yana tara ruwa a jiki, ya tattara kitse a fuska da ciki da doron wuya, hannu da ƙafa kuma su rame. Yana ɗaga sukari da hawan jini, yana cin ƙashi, yana tayar da gyambon ciki, yana raunana garkuwar jiki har ƙaramin ƙurji ya ƙi warkewa. Fata ta yi laushi ta tsattsage da nankarwa masu faɗi. Sau da yawa ana haɗa shi da saifroheptadin, maganin ƙaiƙayi da mura ne wannan, mai sa yunwa da barci. Yarinya ta wuni tana ci tana gyangyaɗi, uwa na murna wai kaya sun karɓe ta.

Na ga wannan da idona a unguwarmu. Wata yarinya ce siririya da aka sa wa rana, gwaggonta ta yi mata odar roba biyu daga wata mai talla. Kafin a je ko'ina fuskarta ta yi suntum, zobe ya ƙi fita daga yatsa, ga ƙishirwa, ga fitsari ba dare ba rana. Kakarta ce ta fara tsarguwa. Ta kama haɓarta ta juya ta wajen haske, ta ce, "Ke ɗiyata, mi kis sha? Wanga ba ƙiba ba ce, kumburi na." Aka ɗauko robar, tsohuwar ta lakato kaɗan ta ɗora a harshe. Zaƙi ne da farko, sai wani ɗaci ya biyo baya can maƙogwaro, ɗacin da babu shi a aya ko dabino. Da aka murza a tafin hannu, ga ɗigo-ɗigon farin gari da bai gama niƙuwa ba.

Gwaggon ta kira mai kayan. Amsar ta zo a saƙon murya, da taushin baki: "Haba Hajiya, ai dattin jiki ne ke fita, alamar kaya na aiki ke nan. In nankarwa ce ina da man da ke goge ta, zan yi miki ragi." Wato ta sayar da cuta, tana kuma neman sayar da maganinta. Da aka matsa da tambayar abin da ta zuba a ciki, sai ta ce sirrin gidansu ne, ko kuma bakin mutane ne ya kama amarya. Washegari lambar ta daina shiga.

Haka tsarin nasu yake kusan ko'ina. Ba shago, ba adireshi. Ki tura kuɗi ta asusu, a ba direba kaya a tasha, ki karɓa a Kano ko Kaduna ko Abuja. Hotunan "da" da "yanzu" da suke sawa, wasu na sata ne, wasu kuma an ja su da manhajar waya, ki duba da kyau za ki ga ƙofa ko labulen bayan matar ya lanƙwashe. Sannan suna ɗaukar 'yan sari: a ba ki a farashi mai sauƙi, ki sayar wa ƙawayenki da dangin mijinki. Ranar da abin ya ɓaci, ke za a zo wa, domin ke aka sani. Kuma abin da ke ƙona mini rai, wasunsu ba su taɓa taka Sakkwato ba. Sunan garin kawai suke ci da shi, suna ɓata wa tsofaffinmu masu sana'ar tsakani da Allah, waɗanda za ki shiga gidansu ki ga turmin da abin da ake dakawa.

Wasu sun ƙara wayo, suna manna takarda mai lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Kada lamba ta ruɗe ki, kowa na iya kwafo ta daga jikin ledar ruwa ya kai wa mai buga takardu. Hukumar, wadda aka kafa tun 1993, tana yi wa magungunan gargajiya rajista, kuma lambar da take ba su a matakin farko harafin L ne a ƙarshenta. Ma'anarta an gwada an ga ba guba ba ne, ba wai an tabbatar yana warkar da abin da mai shi ke faɗa ba. Kaya mai rajistar gaske za ki ga sunan mai yi, da cikakken adireshi, da lambar rukuni, da ranar yi da ranar lalacewa. Amfanin waɗannan ba ado ba ne. A ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 da maganin haƙoran yara na My Pikin ya kashe yara aƙalla 84 a ƙasar nan saboda gubar da ta shiga cikinsa, suna da adireshin da ke jikin kwalin ne suka sa aka bi sawu har Legas, aka janye kayan, kotu ta ɗaure ma'aikata biyu na kamfanin da ya yi shi a 2013. To robar da ba ta da ko suna, in ta illata 'yarki, wa za a kama?

Man "gyaran fata" da ke zuwa tare da gumbar, shi ma ba a bar shi a baya ba. Mafi yawa haɗin bilicin ne: mayukan tub masu irin sinadarin deksa, da haidrokwinon, wani lokaci har da makuri mai lalata ƙoda. A 2023 NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya. A zafin Sakkwato, fatar da aka kankare ba ta jure rana, shi ya sa za ki ga kunci ya ƙone, gaɓoɓin yatsu sun yi baƙi.

Abu mafi muhimmanci ga wadda ta riga ta fara ci: idan kin kai makonni kina sha, kada ki yanke lokaci ɗaya. Jiki na da nasa sinadarin mai kama da deksa, kuma idan ya saba samu daga waje sai ya rage yin nasa. Yankewa farat ɗaya na iya jawo kasala mai tsanani, amai, faɗuwar jini, har suma. Likita ne zai rage miki a hankali. Ki je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko Asibitin Ƙwararru na Sakkwato, ko wanda ya fi kusa da ke, ki tafi da ragowar robar, ki faɗi gaskiyar abin da kika ci da tsawon lokacin. Ba wurin jin kunya ba ne. A auna miki sukari da jini. Mai ciki, da mai shayarwa, da mai ciwon sukari ko hawan jini, kada su jira sai gobe.

Maza ma ku ji, tunda galibi daga aljihunku kuɗin ke fita. Kafin ka tura, ka tambayi wa ya haɗa, a wane gida, da me. Wadda ta ce sirri ne, ta riƙe kayanta. Wanda kuma aka riga aka cuta, kada ya zubar da robar ko ya goge hirar. A ajiye lambar wayar, da sunan asusun da aka tura kuɗi, da hoton tallar, da shaidar biya, a kai ofishin NAFDAC na jiha tare da samfurin don a gwada. Sunan da ke kan asusun banki ya fi lambar waya wuyar sauyawa, ta nan ake fara binsu.