Gwajin lafiya kafin aure a Kano: aiki mai kyau, bayani kaɗan

Tun da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, ɗakin gwaji ya zama zangon farko ga masu shirin aure. Jini kaɗan ake ɗiba, a duba ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da C, da nau'in jini, ko AA ne, ko AS, ko SS. Ba wuya, kuma ya cancanci kuɗinsa.

Inda ake samun tangarɗa shi ne lokaci. Yawanci sai an sa rana, an kai lefe, sannan a tuna da asibiti. A nan gaskiya ke yin nauyi. Idan AS ya haɗu da AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai sikila, ba wai ɗa na huɗu kaɗai ba, kamar yadda ake yawan ɗauka. Wannan magana ce ta kafin kuɗin gaisuwa.

Wasu ma'aikatan kan miƙa takarda kawai, ba su zaunar da mutum ba. Ga abin da ake tsallakewa: gwajin ƙanjamau na gaggawa zai iya kasa gano cutar da aka ɗauka kwanan nan, don haka a maimaita bayan wata 3. Wanda aka yi wa ƙarin jini cikin wata 3, sakamakon nau'in jininsa na iya ruɗewa. Idan ɗaya na da ciwon hanta B, ɗayan ya fara allurar rigakafi, guda 3 cikin wata 6. Mai ƙanjamau da ke shan magani har ƙwayar ta daina bayyana a gwaji ba ya sa wa abokin zamansa ta hanyar saduwa.

Batun adalci kuwa, shi ya fi damunmu. Ba daidai ba ne a tsananta wa amarya, ango ya aiko da takarda ta hannun aboki. Mai ƙara aure ma, lafiyar uwargida na cikin lissafin. Matar da ta gano ɓoyayyen sakamako bayan ta tare, da wuya ta sake sakin jiki da mijin.

Ku je tare, a ɗebi jinin a gabanku, ku karɓi sakamakon daga hannun ma'aikaci, kuma kada ku tashi sai an yi muku bayanin kowane layi.