Sharhi: faifan Blu-ray na Nosferatu, da ko kiɗan rok mai duhu ya dace da shi

Nosferatu, fim ɗin ban tsoro na Jamus marar magana na shekarar 1922, kyauta yake a YouTube, kwafi iri-iri, don haka dole mai saye ya tambayi dalilin biyan kuɗi a kan faifan da kamfanin Eureka ya fitar a 2013 a jerinsa na Masters of Cinema. Dalilan biyu ne, launi da saurin tafiyar hoto, kuma duk biyun sun lalace a yawancin kwafin kyauta.

Daraktan fim ɗin F. W. Murnau da mai ɗaukar hotonsa Fritz Arno Wagner sun ɗauki wuraren dare da rana tsaka, domin fim ɗin wancan zamani ba ya iya kama hoto cikin duhu. Daga baya ake tsoma fim ɗin a rini: shuɗi ya zama dare, ruwan ɗorawa ya zama rana ko ɗaki mai fitila, ruwan hoda kuma ketowar alfijir da faɗuwar rana. Idan aka cire rinin aka bar baƙi da fari, sai ka ga Count Orlok, dodo mai shan jini da Max Schreck ya fito a matsayinsa, yana ratsa gari da akwatin gawarsa a hammata cikin hasken rana ƙiri-ƙiri. Alhali ƙarshen labarin gaba ɗaya ya rataya ne a kan cewa hasken rana ke hallaka shi, abin da babu shi a Dracula, littafin Bram Stoker da aka ɗebo labarin daga ciki. Kwafin da ba shi da rini ya rushe ma'anar fim ɗin tun kafin a kai rabi. Faifan Eureka yana ɗauke da gyaran da Luciano Berriatúa ya yi wa gidauniyar Murnau a 2005 zuwa 2006, wanda ya jingina da wani tsohon kwafi mai rini da ke ajiye a Faransa. Shuɗin dare a nan yana ɗan karkata zuwa kore, kuma yana da zurfin da bai haɗiye fuskoki ba.

Saurin hoto kuwa, an daidaita shi a kan hotuna 18 a sakan ɗaya, shi ya sa fim ɗin ke kai minti 94 ko kusa da haka. Kwafin da aka gudu da shi a kan 24 yana ƙarewa da wuri, mutane suna tafiya da sauri-sauri kamar a wasan barkwanci. Asarar ta fi yawa a wurin keken dokin da ke kai Hutter, jarumin labarin, fadar Orlok, domin Murnau da gangan ya sa wannan wurin ya yi gudun da ya wuce ƙa'ida, har ya juya hoton daji ya koma fari fat. Idan komai na gudu, wannan dabara ta ɓace.

Akwai inda faifan ya gaza, ko da yake ba duka ne laifin kamfani ba. Kotu a Jamus ta ba da umarnin lalata kwafin fim ɗin a 1925 bayan ƙarar da matar Stoker ta shigar kan amfani da labarin mijinta ba tare da izini ba, saboda haka abin da ya tsira an harhaɗo shi ne daga kwafi daban-daban. Wani wurin hoto tas, har kana ganin tubalin tsofaffin rumbunan gishiri na birnin Lübeck, wani wurin kuma ya yi laushi da zane-zanen ƙarce. Allunan rubutu da Jamusanci suke, fassarar Turanci na hawa a ƙasa, kuma a shafukan da aka yi da tsohon rubutun hannu ido na rarrabuwa tsakanin biyun. Sannan mayar da hotuna 18 zuwa 24 na Blu-ray yana buƙatar maimaita kowane hoto na uku, abin da ke kawo ɗan tsalle idan abu na ratsa allo a hankali.

Kafin saye a duba na'ura. Faifan na yankin B ne, wanda ya haɗa Turai da Afirka, don haka na'urar da aka yi wa kasuwarmu za ta karanta shi. Amma PlayStation ko na'urar Blu-ray da aka shigo da ita daga Amurka ta yankin A ce, za ta ƙi shi. Mai irin wannan sai ya nemi bugun kamfanin Kino, wanda shi ma gyaran Berriatúa ne. A talabijin kuma a kashe abin santsin motsi, wanda LG ke kira TruMotion, Sony ke kira Motionflow, Samsung kuma Auto Motion Plus, domin yana ƙirƙiro hotunan ƙarya tsakanin na gaskiya, sai gefen inuwa ya riƙa rawa. A kashe mai share ɗigo-ɗigon hoto, in ba haka ba fatar fuska ta koma kamar roba. A bar faɗin allo a 4:3 da baƙin shinge hagu da dama. Idan aka ja shi ya cika allo, siririn jikin Orlok, wanda shi ne rabin tsoron, sai ya kumbura.

Sai batun kiɗa, inda masu son rok mai duhu ke da ta cewa. Faifan na zuwa da kiɗan Hans Erdmann na ainihi, wanda Berndt Heller ya sake harhaɗawa. Kiɗa ne mai taushi, a farkon fim har da fara'a, kuma mutane da dama kan ga ya yi sanyi da yawa. Shi ya sa al'adar kashe sauti a ɗora wani abu ta daɗe, har a 1998 aka fitar da wani bugu da waƙoƙin ƙungiyar Type O Negative. A ganina wannan haɗi bai yi ba, duk da ƙaunar da nake yi wa muryar mawaƙinta Peter Steele. Waƙoƙin ba don fim ɗin aka rubuta su ba. Suna da baiti da amshi da ke dawowa a lokacinsu, fim kuma yana yanka hotonsa a nasa lokacin, sai amshi mai ƙarfi ya faɗo a kan mutum yana karanta wasiƙa. Murya kuma tana kokawa da allunan rubutu, kunne na bin kalma ɗaya, ido na bin wata.

Abin da ke aiki shi ne kiɗan da ba shi da murya, ko wanda muryarsa ke jinkiri. “Bela Lugosi's Dead” ta ƙungiyar Bauhaus, ta 1979, ta haura minti tara, kuma kusan minti uku na farko ganga ce ake buga gefenta, da jitar bas mai saukowa a hankali, da amsa-kuwwa irin ta kiɗan dub na Jamaika. Wannan farkon ya zauna daram a kan isar Hutter fada, amma da mawaƙinsu Peter Murphy ya buɗe baki sai hankali ya bar allo ya koma kansa. Wanda ya fi duka dacewa shi ne “Carnage Visors” na ƙungiyar The Cure, kiɗa zalla na kusan minti 28 da ya fito a bayan kaset ɗin Faith a 1981, aka sake sa shi a bugun 2005. Dama don rakiyar wani gajeren fim aka yi shi, ba ya hawa ba ya sauka da gaggawa. A fara shi lokacin da ake loda akwatunan gawa cike da ƙasa a jirgin ruwa, ya ɗauki mutuwar matuƙan ɗaya bayan ɗaya, da tashin Orlok a sandare daga akwati, har jirgin ya shiga tashar Wisborg, garin su Hutter, da ɓerayensa.

Lasifikar waya ko ta talabijin ba za ta yi wannan aiki ba. Igiyar ƙasa ta jitar bas tana kaɗawa a kan 41 Hz, ƙananan lasifiku ba sa kaiwa nan, kuma a irin wannan kiɗa bas ɗin ne ke riƙe da waƙa. A nemi lasifika mai babban baki ko abin kunne mai rufe kunne duka. Jinkirin Bluetooth ba matsala ba ne tunda babu leɓen da za a daidaita. Amma a kashi na biyar na fim ɗin, inda inuwar Orlok ke hawa matakala zuwa ɗakin Ellen, matar Hutter, a mayar da sautin faifan, domin don wannan fim Erdmann ya rubuta kiɗansa, kuma a wannan wurin gangar rok mai bugu iri ɗaya tana gaggauta abin da Murnau ya ja a hankali.