Na'urar ɗaukar hoton jini: gwana ce wajen nema, amma raɗa wa ƙwayar cuta suna sai da idon mutum

Aikina duba jini ne a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, kuma galibin abin da ke zuwa teburina jinin masu zazzaɓi ne. Tun da aka kawo mana na'urar nan mai ɗaukar hoton ƙwayoyin jini ɗaya bayan ɗaya, abokan aiki ke ta tambayata ko ta cancanci a saya. Ta cancanta, amma ba don dalilin da masu tallarta suka fi nanatawa ba, wato cewa tana iya bambance nau'in ƙwayar cuta da kanta. Ba zan kama sunan kamfanin ba, domin irinta sun yi yawa yanzu, kuma tsarin aikinsu kusan ɗaya ne.

Ga yadda take. Shimfiɗa jini a kan gilashi da rina shi da Giemsa duk suna nan yadda muka gada, rinin da ake amfani da shi tun 1904. Bayan gilashin ya bushe sai a saka mata. Ita ce za ta nemo wurin da jajayen ƙwayoyin suka baje ba su hau juna ba, ta daidaita gani da kanta, ta ɗauki hoton kowane fili (wato iya wurin da ake gani a lokaci guda) a zurfi daban-daban, sannan ta haɗe su wuri guda. Daga nan manhajarta ta yanko kowace ƙwayar jinin da take zargin tana ɗauke da cutar zazzaɓin cizon sauro, ta jera su a allon kwamfuta, kowacce da sunan da take tsammani a ƙarƙashinta. Kai kuma ka zauna ka bi su, ka amince ko ka canza.

Wajen nema ba ni da abin cewa sai yabo. Duk wanda ya yi wannan aikin ya san yadda ido ke yi bayan an daɗe a sunkuye a kan madubin duba ƙwayoyin cuta. Ƙa'ida ita ce a duba aƙalla fili 100 a jinin da aka ɗiga da kauri a kan gilashi kafin a ce babu komai, kuma a fili na ƙarshe idonka ba shi ne na fili na farko ba. Ita na'urar ba ta gajiya, ba ta gaggawar tashi. Ƙirga ma haka. Idan likita na son sanin kashi nawa cikin ɗari na jajayen ƙwayoyi cutar ta shiga, don ya ga ko magani na ci, na'urar na ba da lissafin da za a iya kwatanta na safe da na yamma ba tare da an ce wannan hannun wane ne, wancan na wane ba. Wannan kaɗai ya isa a gode wa Allah.

Inda maganar take shi ne bambance nau'i. Ƙwayoyin zazzaɓin cizon sauro da aka fi sani suna kama mutum biyar ne: falciparum, vivax, ovale, malariae da knowlesi. Da ƙuruciyarsu duk siffar zobe suke ɗauka, da ɗan ɗigo ja a gefe, kuma bambancin da ke tsakaninsu ba na ilimi ba ne kawai, na magani ne. Falciparum ita ce mai saurin kisa. Vivax da ovale kuwa suna barin wasu 'ya'yansu kwance a cikin hanta, su farka bayan makonni ko watanni zazzaɓi ya dawo. Mai ɗauke da su sai an ƙara masa maganin da ke bin su har hanta, irin su primaquine, shi ma bayan an gwada ko yana da ƙarancin sinadarin G6PD, domin maganin na iya farfasa jinin mai wannan ƙarancin. To ka ga kuskuren suna ɗaya ya isa ya sa a sallami mutum da rabin magani.

A kan falciparum na'urar ba ta cika kuskure ba. Tana gane ƙananan zobba masu laushi, tana gane ƙwaya ɗaya mai ɗauke da zobe biyu ko uku, da zoben da ke lafewa a bakin ƙwaya, da mai siffar jinjirin wata wanda sauro ke ɗauka ya yaɗa. Har ma tana lura cewa ba a ganin ƙwayoyin cutar da suka girma, domin su a bangon ƙananan jijiyoyin jini suke maƙalewa, ba sa yawo.

Abin da ya fi burge ni shi ne awo. Vivax da ovale sun fi son sababbin ƙwayoyin jini, kuma ƙwayar da suka shiga takan fi maƙwabtanta girma. Malariae kuwa tsofaffi take shiga, ƙwayar ta tsaya yadda take ko ma ta ɗan ƙanƙance. Mu da ido muke kintata wannan, ita kuwa aunawa take yi, ta rubuta faɗin ƙwayar da ta kamu kusa da na lafiyayyun da ke kewaye da ita. Akwai wani jini da na duba wanda zobban cikinsa kaɗan ne ƙwarai. A allo na buɗe ƙwaya ɗaya, na yi ta sauka da hawa cikin zurfin hoton, sai ga ɗige-ɗigen nan ja-ja, waɗanda ake kira na Schüffner, sun bayyana a jikinta, ƙwayar ta ɗan yi tsawo, gefe ɗaya kuma ya yi geza-geza kamar bakin tsohon zane. Ovale ce, babu tantama. Na kira wata ƙaramar ma'aikaciyarmu ta zo ta gani, muka tsaya mu biyu muna kallon ƙwaya ɗaya a lokaci ɗaya. A madubi na hannu ba a samun haka, domin kafin ka tashi wani ya zauna, fili ya goce.

Sai dai wannan kyan duk a kan rini ya rataya. Idan ruwan da aka haɗa Giemsa da shi bai tsaya a 7.2 a ma'aunin tsamin ruwa (pH) ba, ɗige-ɗigen Schüffner ba sa fitowa yadda ya kamata, kuma na'urar ba ta cewa “rininku bai yi ba”. Suna take rubutawa kawai, da wannan tabbacin nata na kullum. Na ga ta kira ƙwayar da awonta da siffarta ke nuna vivax da sunan falciparum, don kawai gilashin ya yi fari. Wannan shi ne babban aibinta a wurina. Ma'aikaci mai gogewa in ya ga gilashi maras kyau cewa zai yi a sake shimfiɗa wani. Ina son manhajar da za ta iya ƙin karɓar gilashi, ba wadda ke amsa kowace tambaya ba.

Tana kuma yawan tsorata da abin da ba cuta ba. Ƙwayar daskarar da jini in ta hau kan jar ƙwaya, ko gurbin rini ya zauna a kai, sai ta ɗaga tuta. Jinin masu sikila da waɗanda aka cire wa saifa ya fi wahalar da ita, saboda ɗan guntun cibiya da kan rage a cikin wasu jajayen ƙwayoyinsu, mai kama da ɗigon zobe. Wannan bai dame ni sosai ba. Gara ta nuna mini goma na ƙarya in share su, da ta ɓoye mini ɗaya ta gaskiya.

Akwai kuma wurin da hoto, komai kyansa, ba ya iya raba gardama, kuma nan ne nake ganin talla ta wuce gona da iri. Ɗauki knowlesi. Asalinta cutar birai ce a Kudu maso Gabashin Asiya. Tana ƙarama kamar falciparum take, in ta girma ta koma kamar malariae, har da siffar nan ta ɗamara da ke ratsa tsakiyar ƙwaya. An daɗe ana rubuta mata malariae a yankin Kapit na jihar Sarawak a Malesiya, har sai da Balbir Singh da abokan aikinsa suka wallafa bincikensu a 2004, inda gwajin ƙwayoyin halitta ya nuna fiye da rabin marasa lafiyar da suka bincika knowlesi ce ke damunsu. Ba idon ma'aikatan can ne ya gaza ba, kamar ce ta yi yawa. Ga shi kuma malariae sai bayan awa 72 take kammala zagaye ta fashe, ita kuwa knowlesi duk awa 24, don haka tana iya cika jini cikin 'yan kwanaki ta kai mutum ga halaka. Manhajar tamu ba ta ma da gurbin knowlesi a jerin sunayenta. Mutum zai dawo daga tafiya can, ta rubuta masa malariae, kuma a iya abin da aka koya mata ba ta yi ƙarya ba. Ovale ma tun 2010 aka nuna cewa iri biyu ce, curtisi da wallikeri, kuma babu madubin da ke raba su, sai gwajin ƙwayoyin halitta da ake kira PCR.

Babesia, wata ƙwayar cuta daban da ita ma ke shiga jajayen ƙwayoyin jini, ita ce ta fi tayar mini da hankali. Ba sauro ke kawo ta ba, kaska ce, kuma ana iya ɗaukarta ta ƙarin jini. An fi samunta a arewa maso gabashin Amurka da wasu sassan Turai. Zobenta da na falciparum kamar an tsaga kara. Abin da ke tona ta kaɗan ne: wani lokaci guda huɗu kan jeru cikin ƙwaya ɗaya su yi siffar gicciye, amma ba kasafai ake dacewa da ganin haka ba; akan ga wasu a waje suna yawo tsakanin ƙwayoyi; sannan ba ta barin baƙin gurbin nan da ƙwayar maleriya ke tarawa in ta ci jini. Mun gwada na'urar da gilashin koyarwa na Babesia da muke ajiye da shi, ta ce falciparum ce. Amma a nan dole in yi mata adalci. Da yake ta jera ɗaruruwan ƙwayoyi a allo ɗaya, cikin ɗan lokaci na ga babu gurbi ko a guda, na kuma hango gicciyen a can ƙasan jerin. Sunan da ta bayar ba daidai ba ne, amma hujjar da za a gyara shi da ita ita ce ta miƙo mini. Maganin cututtukan biyu ba ɗaya ba ne, kuma Babesia kan yi tsanani ƙwarai ga wanda ba shi da saifa.

Ajiye hoto ma wata ni'ima ce da ban san darajarta ba sai da na same ta. Gilashi kan dushe, kan fashe, kan ɓace. Hoto kuwa yana nan, ana iya tura shi ta intanet ga wanda ya fi ka sani a wata ƙasa ya duba, ya ba ka amsa tun mara lafiya bai bar gado ba. Na kuma fi samun natsuwa da ita yanzu da aka san cewa wasu falciparum sun rasa sinadarin HRP2 da yawancin gwajin gaggawa na tsinke ke nema, abin da aka fara ba da rahotonsa daga ƙasar Peru a 2010. Tsinke ya ce babu, hoto ya nuna zobe, to hoto za a bi.

Ɗawainiyarta ba ta da yawa, amma ba ta yafiya. Man madubi in ya bushe a kan ruwan tabarau, hotunan ranar duk sun yi hazo. Ƙura ma abokiyar gabarta ce. Kuma ba ta fi ƙwararren ma'aikaci sauri a kan gilashi ɗaya ba, ribar ita ce tana aiki kai kana wani abin.

Wanda zai saya, kada ya yarda da gilasan da mai talla ya zo da su, domin an zaɓe su ne don su yi kyau. Ya ɗauko nasa, masu rinin ɗakinsa, ya haɗa da na vivax ko ovale, da jinin mai sikila, da Babesia in yana da shi. Ya tambaya nau'i nawa manhajar ta sani, kuma me take rubutawa in ta haɗu da wanda ba ta sani ba. Ya tabbatar ana iya canza sunan da ta bayar, kuma sunan ma'aikacin da ya canza yana zama a rubuce. Mu a wurinmu mun ƙara layi ɗaya a takardar neman gwaji, inda likita zai rubuta ƙasashen da mara lafiya ya je kwanan nan, da ko an yi masa ƙarin jini ko kaska ta cije shi. Duk jinin da na'ura ta ce malariae ce alhali mai shi ya dawo daga Kudu maso Gabashin Asiya, a take muke kiran likita, mu kuma tura jinin a yi masa gwajin PCR.