OET ko IELTS ga nas mai neman rajista a Ingila

'Yar'uwa, tunda rajistar aikin jinya kike nema a Ingila, tsakanin jarrabawar Turanci biyu, IELTS ta gama-gari da OET ta ma'aikatan lafiya, OET za ki zauna. Hukumar NMC mai yi wa ma'aikatan jinya da ungozoma rajista tana karɓar duka biyun. A IELTS Academic sai kin samu 7 a karatu da sauraro da magana, da 6.5 a rubutu, a OET kuwa B a ukun farko, da C+ a rubutu, kuma sakamakon kowacce shekara 2 yake aiki.

Ni OET na zauna, kuma ranar ban ji baƙunta ba. A ɓangaren rubutu an ba ni bayanan wani dattijo mai ciwon suga, aka ce cikin minti 45 in rubuta wasiƙar miƙa shi ga nas ɗin da za ta riƙa duba shi a gida, wanda bai wuce abin da muke yi kullum wajen miƙa aiki ba: a fito da abin da ya kamata mai karɓa ta sani, a zubar da sauran. A ɓangaren magana kuma mai jarrabawar ta zama uwar da ke tsoron allurar rigakafi, ni kuma na lallashe ta kamar yadda na saba a asibiti. Kuɗin OET ya fi yawa, gaskiya ne, amma da biya biyu gara biya ɗaya.

IELTS ta fi araha kuma ta fi karɓuwa, sai dai za a sa ki yi bayanin jadawali, ki kuma rubuta muhawara mai kalma 250 a kan abin da bai shafi jinya ba, kuma a nan na ga abokan aikina da dama sun maƙale. Sai fa idan kina hangen Kanada, to OET ba za ta wadatar da ke ba, domin tsarin neman izinin zama a can, Express Entry, ba ya karɓar OET, jarrabawar Turanci irin su IELTS General ko CELPIP yake nema.

Ki yi hattara da masu talla a Facebook da WhatsApp cewa za su samo miki takardar sakamako ba tare da zama jarrabawa ba, ko su ƙara miki maki daga ciki. Ana tantance sakamako kai tsaye daga masu shirya jarrabawar, kuma takardar jabu tana iya jawo a hana mutum bizar Birtaniya har shekara 10. Ki yi rajista da kanki a shafinsu na intanet, kada ki tura kuɗi asusun kowane dillali.