Remington 700 ko Savage 110: wace za a saya don farautar koyote?

Masu farautar koyote, dilan Amurka, sun yi ta tambayata wace tsohuwar bindiga mai sakata za su saya ta hannu.

Savage 110 ta fito 1958, kuma galibi ta fi araha. Sauya bututunta ba wuya, abin da ke da muhimmanci, domin harsashin .22-250, wanda aka saba farautar koyote da shi, yana cin bututu. Sai dai kunamar tsofaffin tana da tauri.

Remington 700, ta 1962, ta fi laushin sakata, kayan gyaranta kuwa ko'ina akwai. Amma an sha ƙorafi kan tsohuwar kunamarta, don haka lallai gwani ya duba kafin ka shiga daji.

Mai ƙaramin ƙarfi, Savage ta ishe shi. Mai son ƙawata bindigarsa sannu a hankali, Remington ce tasa.