Bibiyar Mutane ko Gwaji a Kan Ɓeraye?

Gwamnatin da ke son gano illar ƙaramin tururin radiyeshin, wato ƙasa da milisibat 100 (ma'aunin tururin da jiki ya ɗauka), hanya biyu ce gabanta.

Ta farko, bibiyar mutane. Tun 1950 ake bin lafiyar mutum kusan 120,000 a Hiroshima da Nagasaki, biranen Japan da aka jefa wa bam ɗin nukiliya, da kuɗin Japan da Amurka. Jikin ɗan Adam ake dubawa, shi ya sa na fi karkata gare ta. Sai dai tana cin shekaru, kuma kansar da tururin ya jawo takan saje da wadda taba da tsufa ke kawowa.

Ta biyu, ɗakin gwaji. Cikin awanni ake ganin DNA, wato sinadarin gado da ke cikin ƙwayoyin jiki, ya tsinke saboda tururin ya gyaru, amma a jikin ɓera. Amurka ta rufe wani shirinta na irin wannan gwajin a 2016.